Ina Ruwanka?

Da sunan Wanda ya shimfiɗa yashi bai ce a ƙidaya ba, ya tara teku bai ce a auna ba, ya ba kowane bawa baki ya bar shi da abin da zai faɗa. Ku sauke kayanku, ku matso inuwa. Ni ne Anaruwa ɗan Jatau majemi, mutumin Tsamiya Bakwai, wanda ya bi gaɓar Ƙasar Dubun Ido da ƙafa, aka yi masa jana'iza yana ji yana gani. In kun ji labarin ya rikice a wani wuri, kada ku zargi kunnuwanku. Haka ya rikice mini lokacin da nake cikinsa.

An haife ni ana ruwa, shi ya sa aka sa mini sunan. Amma tun ina yaro maganar da ta fi zama a bakina ita ce "ba ruwana". Akuya ta shiga hatsin maƙwabci, ba ruwana. An manta wuta a murhu, ba ruwana. Mu biyu ne wurin Inna, ni da yayana Korau, muna jeme fata muna ɗinka salkar ruwa ta matafiya. Wata rana ƙiwa ta hana ni kai ruwan jima bayan gari inda ake zubarwa, na tuntsurar da kwatarniya uku a gindin rijiyar unguwa na yi tafiyata. Wanda ya san warin ruwan jima ya san abin da na aikata. Kafin kwana biyu rijiya ta ɓaci, gida huɗu suka kwanta da ciwon ciki. An ga Korau yana wanke kwatarniyoyin a ranar, sai aka ce shi ne.

A gaban mai unguwa da dattawa ya juyo ya dube ni, ya ce, "Anaruwa, faɗa musu abin da ka sani."

Na dubi ƙasa na ce, "Ni ba ruwana."

Ruwan kuwa nawa ne, ni na zuba shi da hannuna. Korau ya shiga gida ya ɗauki basillarsa da wuƙar yankan fata, kafin la'asar ya bar garin.

Inna ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi jin sauƙi. Abin da ta yi shi ne ta daina karɓar ruwa daga hannuna. In na kawo mata a moɗa sai ta ce, "Ajiye nan," ta lallaɓa ta je randa ta ɗebo wani da kanta. Shekara goma sha ɗaya muna haka, har idonta ya fara dushewa tana laluben bango kafin ta kai randar.

Sai ga wani bafatake ya kawo gyaran salka. Ina juya wuyanta gabana ya faɗi, don ɗinki biyu ne a jere da ƙulli a boye ta ciki, kuma duk duniya mutum ɗaya na sani yana ɗinki haka. Bafataken ya ce a hannun masunta ya same ta, can kudu tafiyar wata huɗu, inda ƙasa ta ƙare, a Ƙasar Dubun Ido. Na kai wa Inna. Ta bi ɗinkin da yatsa, ta shinshina. Sa'an nan ta ce, "Anaruwa, shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin ƙishirwa. Je ka kawo mini ɗan'uwanka tun ina da rai."

Na bar ta a hannun ƙanwarta, na sayi tsohuwar salkar a hannun bafataken, na naɗe ta da sababbin salka huɗu da basilla da ƙiri da guzuri a cikin ƙatuwar jaka, na aza gammo, na ɗora a ka.

Ba zan gajiyar da ku da dazuzzukan da na ratsa ba. Ranar da na fito daga itatuwa na ƙarshe, na tsaya baki buɗe. Ga kogi a gabana an sace masa ɗaya gaɓar, sai ruwa har inda ido ya gaza. Na durƙusa na kurɓa, na tofar, na ce a raina lalle nan ma wani malalaci ya zubar da ruwan jima. A hannun hagu kuma tuddan yashi ne farare fat kamar an zuba garin rogo, tudu bayan tudu, kuma a kowane kwari tsakaninsu akwai tafki kwance, wani shuɗi, wani kore, suna kallon sama. Su ne idanun da ake faɗi. Ba hanya, ba sawu, ba ko kuka guda da mutum zai yi alama da ita.

Iskar wurin ce ta fara yi mini rashin kunya. Ina hawa tudun farko ta tunkuɗe kayan daga kaina. Na ɗora, ta sake. A karo na uku jakar ta gangara har cikin tafki, ni kuma na bi ta da ciki. Ina tsamo ta sai na ji dariya. Wata tsohuwa ce a bakin ruwa, tana kamun ƙaguwa, da kwando goye a bayanta.

Ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka ana ɗaukar kaya a ka a nan? Goya shi!"

Mamaki ya kama ni da na ji Hausa a ƙarshen duniya. Na ce, "Sannu Iya. Ina hanyar gari?"

Ta ce, "Ƙwarai kuwa, sun yi ƙiba bana."

Na ɗaga murya, "Gari nake tambaya!"

Ta ce, "Gwamma. Sunana Gwamma."

Nan na gane kunnenta ya yi nisa. Ta ƙwace jakar ta manna mini a baya, tana nuna inda hannuwa za su shiga. Kunya ta rufe ni, ni da gemuna a ce na yi goyo kamar mai jego. Amma iska ba ta san gemu ba. Na yanki ƙiri biyu na ɗinka wa jakar, na zura hannuwa, sai ga ni tsaye kaya ba su faɗi ba. Gwamma ta gyara mini zamanta kamar yadda ake gyara majanyi, ta ja baya ta dube ni, ta ce, "Yauwa. To, ina ruwanka?"

Na rasa abin da na yi mata. Yanzu muke dariya, yanzu kuma gatse? Na yi ƙunƙuni na ce, "Ba ruwana, Iya."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla, wuri ne mai kyau. Ka gaishe su." Ta nuna mini gaɓa da haɓa, ta koma kan ƙaguwarta.

Da hantsi washegari na iso ƙauye na farko, bukkoki na ganyen kwakwa, maza suna gyaran koma a inuwa. Na yi sallama, suka amsa da fara'a, aka shimfiɗa mini tabarma. Na ce ina neman wani majemi mai suna Korau, dogo, mai tabo a gira. Babbansu ya yi murmushi har kunne, ya ce, "Ina ruwanka?"

Na haɗiye fushina. Na ce, "Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya ce, "Mun ji, Allah ya sada ku. Ina ruwanka?"

Na ce, "Malam, wata huɗu na yi a hanya."

Suka haɗa baki su duka, har da matan da ke leƙowa, cikin murya mai daɗi kamar masu yi wa amarya barka: "Sannu da hanya. Ina ruwanka?"

Zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na ce, "To shi ke nan, ba ruwana!"

Koma ta faɗi daga hannun mai ɗinki. Wata mata ta rufe idon jaririnta da tafin hannu. Babban nasu ya fara salati, ya damƙi yashi ya watsa a ƙafafuna, sa'an nan duk suka juya mini baya. Na yi magana, na yi magiya, na ba da haƙuri, ko waiwaye babu. Can wani ya turo mini akushi da sanda, busasshen kifi ne a ciki, ba ko kurɓin ruwa.

Na bar ƙauyen ina lissafin laifina. Na ce warin jima ne, don majemi ko ya yi wanka bakwai ana gane shi. Na shiga tafki na dirje jikina da yashi har fata ta yi ja. A ƙauye na biyu aka sake tambayar, na sake amsar, aka sake juya baya. Na ce to goyon nan ne, sun ɗauke ni mahaukaci, sai na ɓoye jakar a bayan tudu na shiga ƙauye na uku hannu rabbana. Can ma da na buɗe baki suka ce ina ruwana. Na rusuna da ladabi na ce, "Allah ya huci zuciyarku, wallahi ba ruwana, wucewa kawai nake yi." Wannan karon har da masu kuka. Wata dattijuwa ta ce, "Wayyo, ga shi da ladabi," ta watsa mini yashi. Da na koma ɗaukar jakata na tarar tudun da na ɓoye ta a bayansa ba ya nan, jakar na zaune a fili ita kaɗai.

A nan na fara sanin tuddan ƙasar tafiya suke yi. Don in tabbatar, da rana ta take na kafa sandata a ƙwanƙolin wani tudu, na gangara na yi ƙailula a gindinsa. Na farka rana na dukan fuskata, sandar tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, tudun kuma ya koma bayana yana shirin hawa ƙafata. Na rasa gabas, na yi sallar azahar ina fuskantar inda zuciyata ta fi kwanciya, na roƙi Allah ya karkata ta da kansa. Tafkunan ma ba su da amana. Wannan daɗi kamar ruwan sama, na kusa da shi gishiri, na gaba ɗaci, duk kamanninsu ɗaya, har ruwan ido ya hana ni shan ruwa. A bakin kowanne akwai turke da aka ɗaura wa wani abu, wuri ko tsumma ko ƙashin kifi. Na ɗauka tsafi ne, ina sha ina waige.

A kwana na shida na ga sawun mutum. Murna ta kama ni, na ce ko wane ne zan cim masa in riƙe rigarsa sai ya yi mini bayani. Na bi sawun tun hantsi har azahar. Na lura mutumin yana ɗan jan ƙafar hagu, na ce Allah sarki, irin ciwona gare shi. Na lura ya zauna ya ci kifi ya tofar da ƙaya, na ce ashe shi ma sun ba shi. Ina ƙara sauri sai ga wani abu a yashe a kan hanya. Na ɗauka. Gammona ne, wanda na jefar tun da safe. Na zauna a wurin na yi kuka sosai, don na tuna Inna tana laluben bango ni kuma ina nan ina bin kaina.

Daga ranar na daina shiga tuddai, na riƙe bakin teku, ruwa a dama yashi a hagu. Haka na iso wata mashiga mai faɗi inda teku ke kutsawa cikin ƙasa, a ƙetare kuma ina hango rufin bukkoki da yawa da hayaƙi. Da safe ruwa ne maƙil, ba jirgi ba mai fito. Na zauna ina tunani har barci ya sace ni. Da na buɗe ido, babu ruwan. Teku ta kwashe kayanta ta gudu can nesa, ta bar laka da ƙananan kifaye suna tsalle. Ni mutumin tudu ne, a garinmu in kogi ya ƙafe sai baɗi. Na ce Allah ya dubi maraicina, na naɗe wando na shiga, har ina tsayawa tsintar kifi ina zubawa a jaka.

Ina tsakiya na ji sanyi a idon sawu. Na waiwaya, sai ga teku tana dawowa ba sallama. Kafin in yi taku ashirin ta kai gwiwa, kafin in yanke shawarar gaba ko baya ta kai ƙugu, ni kuwa ko a kwatarniya ban iya iyo ba. Sana'ar ubana ce ta cece ni. Na fizgo salkunan nan huɗu, na dinga hura su da baki ɗaya bayan ɗaya ina ɗaure wuya da haƙori, na ɗaura biyu a hammata, ɗaya a ciki, ɗaya a ƙeya. Ruwa ya ɗaga ni. Ya juya ni ya wulwula ni, na sha gishiri har na ƙoshi, sa'an nan ya kai ni ƙetare ya ajiye ni ƙafa a gaba, a gaban mutanen babban garin da suka taru suna kallo.

Ku dubi abin da suka gani. Kwana tara labari yana riga ni zuwa cewa ga wani yana yawo a gaɓa yana cewa ba ruwansa. Yau kuma ga shi teku ta kawo shi a kumbure, fari fat da gishiri, ido ja.

Ba wanda ya gudu a nan. Wani dattijo mai farin gemu, wanda daga baya na san shi ne Dogara Magajin Ruwa, ya zo ya kama hannuna a hankali. Na ji daɗi, na ce yau na faɗo hannun mutanen kirki. Suka kwance mini salkunan, suka kai ni wani rami mai laushi, suka zaunar da ni ina fuskantar gabas, na ce alhamdulillahi ga alƙibla ma na samu. Sai suka fara zuba mini yashi mai ɗumi a ƙafafu da ƙoƙon bayan kififfiya. Na ɗauka maganin sanyi ne na ƙasarsu, har ina cewa, "Sannunku, Allah ya saka." Yashi ya kai cinya. Ya kai cibiya. Na ce, "Ya isa haka, na ji ɗumi." Ba wanda ya amsa, sai addu'a suke yi ƙasa-ƙasa. Da ya kai ƙirji na nemi zare hannu na kasa, na ga mata a gefe suna share hawaye, sai jikina ya ba ni.

Rana tana tsakiyar kai, gishirin da na sha yana cin maƙogwarona. Ban yi wata dabara ba, kada in yi muku ƙarya. Ihu kawai na yi: "Ruwa! Don girman Allah ku ba ni ruwa!"

Ƙoƙuna suka tsaya a sama. Aka dubi juna. Sai ga wata murya daga bayan taro tana cewa, "Ku ba ni hanya, me ake rabawa?" Gwamma ce da kwandonta. Tafiyar da ta ci mini kwana tara, ita wuni biyu take yin ta ta cikin tuddai. Ta leƙo ramin ta ce, "A'a! Ɗan goyona ne. Wa ya shuka shi?"

Dogara ya kai baki kunnenta ya yi ihu, "Matacce ne, Gwamma! Da bakinsa ya faɗa!"

Ta ce, "Ƙishirwa? Ai ga ta nan a fuskarsa." Ta cire jallonta ta kafa mini a baki.

Garin duka ya zuba wa maƙogwarona ido yana hawa yana sauka. Da na shanye, Dogara ya tsuguna a gabana, ya ce, "Bawan Allah, matacce ba ya shan ruwa. Kai mene ne?"

Na ce, "Baba, majemi ne ni."

"To don me ka bi ƙauye uku kana cewa ba ruwanka?"

"Don kun ce ina ruwana! Mutum ya yi tambaya a ce masa ina ruwansa, me zai ce?"

Ya ce, "Sai ya faɗi inda ruwansa yake mana."

Suna tone ni yana yi mini bayani, ni kuma kaina yana ƙara kullewa kafin ya warware. Kakanninsu fatake ne da suka ɓata hanya suka zauna a nan tun zamanin da ba a tuna ba. Hausarsu ta tsufa a wurin ita kaɗai, ta zama tsirara, kowace magana abin da ta ce shi take nufi. A ƙasar kowane mai rai yana da tafkinsa, ranar suna ake kafa masa turke a bakinsa. Tuddai kuwa kullum suna neman binne tafkunan, don haka kowace safiya mutum zai je ya yashe nasa, kuma ba mai taɓa ruwan wani sai wanda suka sha nono ɗaya. Ranar da mutum ya mutu ake cire turken a bar wa yashi. In baƙo ya zo ana tambayarsa ina ruwansa don a san wurin wa za a kai shi, in ba shi da kowa a yanka masa nasa. Wanda ba shi da ruwa sam, mutum ɗaya ne, shi ne wanda ya riga mu gidan gaskiya bai sani ba, kuma taimakonsa shi ne a rufe shi.

Dogara ya ce, "Yanzu zan sake tambayarka, ka yi hankali da bakinka. Ina ruwanka?"

Na ce, "Baba, ban sani ba. Yayana nake nema, Korau, mai tabo a gira."

Ba su san sunan ba. Na ɗauko tsohuwar salkar bafataken na nuna ɗinkin. Nan take wurin ya ɗauki hayaniya: "Mai Ruwa Biyu! Ɗan'uwan Mai Ruwa Biyu ne!" Dogara ya ce mutumin kirki ne, sai dai ana jin akwai ɗan taɓi a kansa, don shi kaɗai ne a ƙasar yake yasar tafki biyu kullum, nasa da na wani da ba a taɓa gani ba.

Gwamma ce ta raka ni da sassafe. Muka haura tudu uku, ta nuna da haɓa ta juya. A ƙasa ga tafki biyu kusa da juna, ga wani ƙaton tudu ya sunkuyo a kansu, ga mutum tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa yana kwasar yashi da ƙoƙon kififfiya yana watsawa baya. Ya rame, furfura ta fito masa. Na gangara wurinsa. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi goyon da ke bayana, bai yi dariya ba, bai kuma saki ƙoƙon ba.

Ya ce, "Ina ruwanka?"

Duk maganar da na shirya wata huɗu ta gudu. Na ce, "Yaya, ruwan jimar nan nawa ne. Ni na zuba."

Ya ce, "Na sani. Ni na wanke kwatarniyoyin, ka manta? Ba shi na tambaye ka ba."

Ya fito daga ruwan ya kama turken ƙaramin tafkin ya juyo mini da shi. Wani ɗan guntun fata ne a ɗaure, rana ta cinye launinsa. Na gane shi, layar wuyana ce ta yarinta, wadda ta ɓata tun ina shekara bakwai, ashe tana hannunsa.

Ya ce, "Ranar da na zo suka gaya mini wanda ba shi da ruwa matacce ne. Ni kuwa maganar ƙarshe da na ji a bakinka ke nan. Na kasa barci. Na ce ka ce ba ruwanka, to bari in nema maka."

Na faɗi a kan yashin na riƙe ƙafarsa ina kuka kamar yaron goye. Ya bar ni na yi mai isata, sa'an nan ya ce, "Tashi haka nan, kana ƙara masa gishiri."

Na gaya masa saƙon Inna. Ya zauna ya dafe kai, ya dubi tudun da ke sunkuye a kanmu. Ya ce in ya tafi, kwana bakwai ya yi yawa yashi zai shafe tafkunan biyu, a cire turaku, shi da ni mu zama matattu a ƙasar da ta karɓe shi lokacin da tasa ta kore shi. Na dubi ƙoƙon da ke hannunsa. Wannan karon ban rikice ba, karo na farko ke nan tun da na taka gaɓar. Na kwance goyon na ɗaura masa, na gyara masa zaman ƙirin a kafaɗa, na karɓi ƙoƙon. Kafin ya tafi na zaɓi salka mafi kyau cikin huɗun, na cika ta a tafkina da hannuna, na ɗaure wuyanta na sa masa a jaka. Ban ce komai a kanta ba, shi ma bai tambaya ba.

Wata tara ina yasar ruwa biyu. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Akwai safiyar da na tarar tudun ya ci rabin tafkin Korau, na yi ta kwasa har la'asar ban karya ba. Kullum in na ɗaga kai sai na dubi arewa, ina jin tsoron kada ya isa ya tarar ta riga ta tafi.

Ran nan da hantsi sai ga shi yana gangarowa, goyo a baya, shi kaɗai. Na tsaya cikin ruwa, ƙoƙo a hannu.

Na ce, "Ka same ta?"

Ya ce, "Na same ta. Ba ta gani sam, amma ina shiga zaure ta ce warin Korau take ji. Kwana goma sha tara muka yi tare. Ranar Juma'a muka kai ta makwancinta."

Na yi salati, na zauna a bakin tafkin. Ya sauke jakar, ya zaro salkar nan ya ɗora mini a cinya. Ta motse, ba nauyi, ko ɗigo babu a ciki.

Ya ce, "Na gaya mata ruwanka ne, kai ka ɗebo da hannunka. Ta ce in ɗaga mata kai. Wata huɗu ruwan ya yi a fata, Anaruwa, ni kaina ba zan iya shansa ba. Ta kurɓa ta ɓata fuska, ta ce warin jima yake yi." Ya share ido da bayan hannu. "Sai ta ce in ƙara mata. Daga ranar ba ta sha wani ruwa ba sai shi, kurɓi-kurɓi, har ya ƙare."

Ga salkar can rataye a turkena, kuna iya ganinta daga nan. Iyakar abin da na gani ke nan, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage yashi ya rufe. Rana ta yi, tudun can ya matso tun da muka zauna, zan koma bakin aiki. In kun haura za ku iske ƙauye, za su shimfiɗa muku tabarma su yi muku tambaya ɗaya. Ku yi tunani kafin ku amsa.